Kantun Mazarƙwaila

Kin ce za ki sauya kayan haɗin abin da kike yi wa mutanen gidanki don lafiyarsu. Niyya ce mai kyau, amma kafin ki ɗora tukunya bari in ba ki misalin wata mata.

An yi wata mai kantun riɗi wadda duk unguwarsu an sallama mata. Takan wanke riɗi ta rege tsakuwa, ta soya shi har ya fara tsalle a kasko, ta narka sukari ta haɗa, ta juye a faranti ta murza da kwalba, ta yanka tun da zafinsa. Mijinta ɗinkin hula yake yi. Da allura da zare ya riƙe gidan shekara talatin, kuma bai san wani abin marmari ba sai kantun matarsa. Da girma ya fara kama shi, sai ya riƙa ganin zanen hula dishi-dishi. Aka je asibiti, likita ya ce ciwon sukari ne, har ya fara taɓa idon. In yana son sauran ganinsa, ya rabu da sukari, ya kuma dawo bayan wata uku.

Mutumin ya tsorata, don ya san mai ɗinki in babu ido sai zaman zaure. Ya bar shayi mai zaƙi, ya bar lemon kwalba. Kantu ne kaɗai ya gagare shi, shi ma rabin yanka yake gutsura, yana ci gabansa na faɗuwa. Ita kuwa abin ya tsaya mata a rai. A ce duk gari na cin kantunta, mijinta na haɗiyar yawu? Ta gwada dunƙula riɗin ba sukari, ya wargaje a hannunta kamar yashi. Ta gwada haɗa shi da garin gero, ya fito abin da ko kaji sai da suka yi shawara kafin su tsattsaga. Can sai ta tuna da mazarƙwaila. A lissafinta farin sukarin kanti likita ya hana, wannan kuwa 'yar ƙauye ce, kakanni sun sha sun tsufa lafiya. Ta ƙara da zuma, tunda kowa ya san zuma magani ce. Kantu ya kama, ya yi jawur, ƙamshinsa har ƙofar gida.

Akwai 'yar ƙanwarta da ke aikin jinya, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Sau biyu ta yi niyyar tambayarta, sai girman kai ya riƙe ta. Ita da ta shekara talatin a bakin kasko, yarinyar da ta goya ce za ta koya mata haɗin kantu?

Ta kai wa mijin kantun cike da faranti ta ce, “Ci abinka, Malam, wannan babu sukari a ciki.”

To, nan ɓarnar ta shiga. Da can tsoro ne ke riƙe hannunsa a rabin yanka, yanzu matarsa ta ɗauke masa tsoron. Ya koma cin shida, bakwai, hankali kwance, yana sa mata albarka. Wata uku suka cika ba su koma asibiti ba, don a ganinsu suna kan doka, ga kuma hulunan Sallah na jira. Ƙishirwa ta dame shi, ta ce zafin bazara ne. Ya fara kiranta ta zura masa zare a allura, ta yi masa tsiya ta ce tsufa ne ya yi sallama. Masu huluna suka fara dawo da su saboda zane ya karkace, wasu ma suka daina kawowa. Ita dai kullum ƙara gyara haɗinta take yi. A damina ta biyu, wata safiya ya ce ta buɗe masa taga, alhali tagar a buɗe take.

A asibiti likita ya duba idon, sannan ya tambayi abin da yake ci. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da kantun, har da ɗan alfahari, ta lissafa masa abin da ta zuba.

Ya ce, “Mama, mazarƙwaila da me ake yin ta?”

Ta ce da rake.

“Sukari fa?”

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta gane shi ma da rake ake yin sa, ta zauna a ƙasa. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama kuwa haske kawai yake rarrabewa da duhu, kuma likita bai yi musu alkawarin komai ba.

Mijin bai taɓa yi mata gori ba. Ya ce ƙaddara ce, ya ce shi dai bai taɓa cin kantu mai daɗin wannan ba. Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta kife kaskon a bayan ɗaki, ba ta sake soya riɗi ba har ta bar duniya. Aikinta ya koma riƙe masa sanda zuwa ƙofar masallaci, ta tsaya daga gefe ta jira a idar. In mata suka tambaye ta me ya sa ta daina kantu, sai ta ce hannu ne ke ciwo.

Ina tausayin matar nan har yau. Ba ƙiyayya ce ta makantar da mutumin ba, ƙauna ce da ta ƙi yin tambaya. Don haka in za ki cire wani abu ki sa wani a madadinsa, fara sanin daga ina shi ma ya fito. Hausawa sun riga sun faɗa, rashin sani ya fi dare duhu.