Bencin da Na Ware wa Shugaba

"Rufin aji uku zai jira baɗi," in ji shugaban kwamitin makaranta, yana ninke takardar kasafi. "Bana fentin ƙofar shiga za mu yi, saboda baƙi."

Iyaye suka kaure da hayaniya. Wani kafinta ya daki benci ya ce, "Baƙin ne ke karatu a nan?"

Shugaba ya ce, "Kai, rufe mana baki! Da ka san lissafi, da ba ka ƙare a jan zarto ba."

Ni ce sakatariyar kwamitin. Ni na ɓoye makullin ofishin hedimasta, inda muka saba zama, shi ya sa taron yau ya dawo aji uku. Ni kuma na raka shugaba har benci na biyu, na goge masa shi da gefen mayafina.

Hadarin da na wuni ina kallo bai ba ni kunya ba.

"Masu goyon bayan fenti su ɗaga hannu," ya ce, ya fara ɗaga nasa. Ɗigon farko ya sauka a tafinsa, na biyu a hularsa. Kafin a gama ƙirga hannuwa, ruwa na bin wuyan rigarsa.

Ya miƙe a fusace. "Wane marar mutunci ne ya zaunar da ni a nan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Wurin zaman 'yata ne. Koma ka zauna, ita ma sai an kaɗa ƙararrawa take tashi."