Motar da Ke Durƙusa wa Duwatsu

Zauna, Namadi, ka daina huci. Tun ɗazu kake ce mini ɗanka ya cika sanyi, kowa ya taka shi sai ya ba da haƙuri, wai za ka kai shi inda za a taurara maka shi. To, bari in ba ka misalin wani manomi kafin ka yi aikin da-na-sani.

Manomin rani ne, gonarsa na bayan duwatsu, a bakin wani rafi. Tumatir yake yi mai kyau, amma hanyar fito da shi bakin kwalta ita ce azabarsa: duwatsu, kwazazzabai, sai jaki. Shekara da shekaru yana kallon rabin wahalarsa na lalacewa a kan hanya. Da abin ya ishe shi, sai ya sayar da shanun huɗarsa da jakunansa, ya haɗa da abin da ya tara, ya sayo 'yar motar nan ta shiga daji, mai kujera biyu gefe da gefe da ɗan akwatin kaya a baya, sabuwa fil. Sai dai ƙafafunta na gaba ba su yi kama da na kowace mota da aka sani ba. Hannuwan ƙarfen da ke riƙe da tayoyin dogaye ne, sun gantsare sama, kuma kowace taya da nata, babu sandar ƙarfe ɗaya da ta haɗa su. In ka dafa gabanta sai ta rusuna, ka saki ta miƙe. In taya ɗaya ta hau dutse, sai ta naɗe sama ta bar 'yar'uwarta a ƙasa, mai tuƙi kuwa yana zaune daram. Wanda ya sayar masa ya ce, "Haka aka yi ta. Ka dai riƙa sa mata giris, kada ka taɓa mata ƙafa." Ya yi ta hawa da sauka da ita, taki ya shiga, iri ya shiga, ko tari ba ta yi ba.

To, ka san bakin mutanenmu. Duk ya wuce majalisa sai a kwashe da dariya, a ce ga mai ladabi nan, ba ta wuce dutse ba ta durƙusa masa ba. Wani ya ce, "Wannan lagwai-lagwai ɗin ka ba da shanunka a kai? Ranar da ta ɗauki kaya, sai dai ka tsinci tayoyin a rafi." Bawan Allah ya yi dariyar yaƙe, amma maganar ta shige shi, don duk abin da ya mallaka yana kan tayoyin nan huɗu. Ni ban ga laifinsa ba, wallahi. Tun muna yara, duk wanda ya sayi akori-kura, kafin ta ɗauki buhun farko sai ya kai ta wajen mai walda an ƙara mata ƙarfe, saboda hanyoyinmu ba sa tausayin mota. Haka ya gada, haka ya yi. Mai walda ma bai cuce shi ba, aikin da ya saba ya yi masa tsakani da Allah: ya yanko ƙarafa masu kauri, ya ɗaure hannuwan nan da jikin motar tamau. Ta tsaya ƙiƙam, ka hau gabanta ka yi tsalle ba ta motsi. 'Yan majalisa suka ce, "Yauwa, yanzu ta zama mota!" Ya koma gida ransa fari tas.

Tumatir ya nuna, ja wur, gona guda. Babbar motar da ke kai kaya Kudu tana bakin kwalta tana lodi, ita kuwa ba ta jiran kowa. Ya jera kwanduna ya kama hanya. Tun daga dutsen farko ya ji abin ya sake, kowane karo sai ya ji shi har haƙoransa, sitiyari na neman ƙwacewa. Ya ce a ransa ƙarfi ne. Da ya iso wani gangare inda a da take rusunawa ta wuce salin-alin, taya ta daki dutse, babu inda dukan zai tafi. Ƙas! Hannun ya karye daidai gefen waldar, tayar ta kwanta, motar ta ci da baki, kwanduna suka bi gangare. Allah ya tsare shi, bai ji ciwo ba. Amma irin wannan hannu babu shi a garejin kusa, sai an aiko daga nesa. Jakai kuwa ya sayar. Babbar mota ta cika ta tafi. Abin da ya rage a gona ya yi ta fashewa a rana, ɗan abin da ya iya tsira da shi ya yanka ya shanya kauɗa. Allah sarki! Na tausaya masa ƙwarai, don ba ragwanci ne ya kayar da shi ba, son ya kare abinsa ne. Masu dariyar nan kuwa, ko ɗaya bai zo ya taya shi tsintar kwando ba.

Ka ga, Namadi, durƙuson nan da ake yi wa dariya, shi ne ke kai ta gida lafiya. Yaronka yana tafe da mutane lami lafiya, sana'arsa na ci, ba a taɓa kawo maka ƙararsa ba. Ka bar shi yadda Allah ya yi shi, kada maganar majalisa ta sa ka kai shi walda. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, garin neman ƙiba, an samo rama.