Darasin Ranar Asabar

Karo na uku ke nan Malama tana tsayar da fim ɗin a wuri ɗaya, kuma karo na uku Iya mai shara tana yi mata katsalandan.

Ajin matan aure ne, duk Asabar bayan la'asar, a ɗakin karatu na makarantar unguwa. Malama ce ta kawo tsarin: a kalli fim, a tsaya, a ciro darasi. Sai da ta yi wata biyu tana lallashin shugaban makarantar kafin ya yarda, da sharaɗin ranar da aka samu hayaniya, ranar za a kwashe talabijin ɗin.

Fim ɗin wannan watan labarin wata uwa ce da ta kai ɗanta ɗan shekara biyar gidan kawunsa, ta ce za ta je ta dawo, ba ta sake waiwayarsa ba. Yaro ya tashi cikin wahala, ya zama mutum, a ƙarshe ya tsaya kan kabarinta ya yafe mata. Malama ta kwana uku tana shirya bayani a kan amanar 'ya'ya da falalar yafiya. Ta cika shafi shida.

Iya ba ɗaliba ba ce. Aikinta ta jira a tashi, ta share, ta kulle. Da can a waje take zama. Tun da aka fara fim ɗin nan ta koma tsayuwa a bakin ƙofa, tsintsiya a hannu.

Asabar ta farko ta tambaya ko an nuna inda uwar ta tafi. Malama ta ce ba a nuna ba, kuma ba shi ne darasin ba. Asabar ta biyu, mata suna tsine wa uwar, Iya ta ce su ji tsoron Allah, ba a yanke wa mutum hukunci da bakin ɓangare ɗaya. Aji ya rabu biyu, har wata ta tashi ta fita. Malama ta koma gida da ciwon kai. Ta gaya wa mijinta cewa tsohuwar nan so take a daina ajin don ta riƙa kulle ƙofa da wuri.

Yau kuwa aka zo wajen kabari. Mata suna share hawaye, Malama ta buɗe baki za ta fara, sai Iya ta ce a mayar baya kaɗan, tana so ta sake jin sunan uwar da ya kira a kan kabarin. Aka mayar. Ta ce a sake. A na uku Malama ta kashe talabijin, ta sallami aji ba tare da ta karanta ko layi ɗaya daga shafukanta shida ba.

Da ɗakin ya watse Malama ta tare Iya. Ta ce tana ganin girmanta, amma haƙurinta ya ƙare, ranar Litinin za ta kai ƙara wajen shugaba. Iya ba ta musa ba. Ta jingina tsintsiya da bango, ta ce a kai, amma kafin nan tana roƙon alfarma: ita ba ta iya rubutu ba, tana so a rubuta mata wasiƙa zuwa ga wanda ya tsara labarin. An ce mata ana iya aika wa irinsu saƙo ta waya.

Malama ta ja tsaki a ranta. Don dai a rabu lafiya ta juya bayan takardarta, ta cire murfin biro.

"Ki ce masa matar nan asibitin masu tarin fuka ta tafi, don kada ta shafa wa yaron. Wata goma sha huɗu ta yi a kwance. Da ta fito, kawun ya tashi da shi, ba wanda ya san inda suka nufa."

"Iya, labari ne fa aka ƙirƙira. Ba za ki sauya wa mutum labarinsa ba."

"Ke dai rubuta, 'yata."

Malama ta rubuta a gaggauce, tana duba agogo. Ta tambaya daga wa za ta ce.

Iya ta kalli baƙin gilashin talabijin ɗin, ta gyara mayafinta.

"Ki ce daga mahaifiyarka, wadda ka binne a ƙarshen fim."