Dakalin Ɗanje

Huseina ta baro Tebaram ta zo Tawa karatun lise, wato babbar sakandare, tana zaune a gidan gwaggonta. Bana take ajin ƙarshe, kuma jarabawar bak, ta kammala sakandare, ita ce komai nata. Babanta ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye: in ta samu ta wuce jami'a, in ba ta samu ba ta dawo gida, don ga ƙannenta suna jiran layi.

Yarinya ce mai tambayar tsiya. Ko kaza ta gani tana ɗingishi sai ta nemi jin wanda ya taka ta. Abin da ya fi tsaya mata a rai kuwa shi ne wani faffaɗan dakalin siminti, zagayayye, da ke bayan azuzuwa a gindin dogon yaro. Kowa Dakalin Ɗanje yake ce masa. Ƴan ajin ƙarshe kaɗai ke zama a kansa, kuma duk shekara in bak ta matso sai su hau gaba ɗaya, su yi tsalle suna kiran sunan Ɗanje, wai don su kwashi sa'arsa.

"Wai wa na Ɗanjen nan?" ta tambayi Sani, ɗan ajinsu wanda bai taɓa cewa bai sani ba.

"Ɗan Affala na," in ji Sani. "Nan bisa yay yi karatu, shi yaz zo na ɗaya ƙasa duka."

Ƙawarta Kadidiya ta tuntsire da dariya. "Ƙarya kake! Mai shayi na, yayata ta gaya mini."

Huseina ta je wurin sirbeyan, mai kula da tarbiyyar ɗalibai. Bai ko ɗaga kai ba. "Nan nis same shi, nan za ni barin shi. Ke, tahi aji."

Amsoshin ba su gamsar da ita ba. Ta lura in an buga ƙafa a tsakiyar dakalin sai ya amsa kamar ganga. Akwai kuma wata tsaga da iska mai sanyi ke fitowa ta ciki. Wata rana ta jefa tsakuwa a tsagar ta kasa kunne, sai can ta ji ɗan motsi daga ƙasa. Da ta gaya wa Sani, cewa ya yi numfashin Ɗanje ne, aka yi ta dariya.

Gwaggonta ce ta ba ta shawara. "Ki tahi wurin Madam Hajaratu mana. Tana cikin ɗiya mata na hwarko da sunka shiga lakwal ɗin nan. Ga gidanta can bayan kasuwa."

"Sai bayan bak, Gwaggo. Yanzu karatu ya yi mini yawa."

Kullum kuwa ta ƙofar gidan Madam Hajaratu take wucewa.

Ana saura ƴan kwanaki a fara jarabawa, da hantsi, ƴan ajin ƙarshe suka taru. Bana sun fi na kowace shekara yawa. Huseina ta tsaya a gefe, tsakuwar nan na yi mata yawo a zuciya.

"Taho mana!" in ji Kadidiya, ta jawo hannunta. "So kike sa'a ta ƙare ba ki samu ba?"

Aka tura ta har tsakiya. Suka kira sunan Ɗanje, suka yi sama, suka diro tare.

Dakalin ya dare. Na gefe suka watse da ƙujewa da targaɗe, Huseina kuwa ta tafi ƙasa tare da simintin. Da igiya aka fito da ita, ƙafa a karye, ƙugu a goce. Ranar da ƴan ajinsu suka shiga ɗakin jarabawa, tana kwance a asibiti tana kallon rufi.

Can sai ga wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda. Madam Hajaratu ce, labari ya kai mata. Ta zauna a bakin gado.

"Sannu, ɗiyata. Amma wa yac ce ku hau bisa rijiya?"

"Rijiya, Mama? Dakalin Ɗanje na."

Idon tsohuwa ya cika da ƙwalla.

"Babu wani Ɗanje. Rijiyarmu ta, ruwanta munka sha kahin a kawo hwamfo. Da ta soma zubewa anka ruhe ta, mushenmu, malamin lissahi, yar rubuta bisa da jan fenti, da Faransanci: danger. Haɗari ke nan. Mu kan ce ma sabbin zuwa kar su je wurin danje. Ashe fenti ya goge, suna ya tsaya."

Huseina ta juya fuska ga bango ta yi kuka. Kalmar nan tun tana firamare ta san ta, ta rubuta ta ba adadi. Ba karayar ce ta fi yi mata ciwo ba, sai sanin cewa amsar tana zaune bayan kasuwa, ita kuma tana wuce ta safe da yamma.

Da aka sallame ta babanta ya zo. Bai yi mata faɗa ba. Ya zuba littattafanta a buhu, ya ɗaure bakin, ya tallabe ta zuwa motar Tebaram.

Jama'a, makarantar da ta manta tarihinta tana iya mayar da gargaɗi abin wasa. Mu tambayi waɗanda suka riga mu tun suna raye, mu sabunta kashedin da suka bari, kuma in tambaya ta taso mana kada mu ce sai gobe.