Ɗumin Rigar Tanimu

Tun da rana ta fi ƙarfin mutane, ba mai fita sai da rigar kaki, irin na kyandir. Kakin ke shanye zafi yana narkewa. In ya gama, shi ke nan. Na Tanimu a hanyar gona ya ƙare.

Bayan sadakar uku, uwarsa Ladidi ta ɗauki rigar ta kai wa Ilu mai daskarar da riguna, don ƙanen Tanimu ya samu ta sawa.

"Malam Ilu, zafin da ta sha, ina za shi?"

"Ba ya ɓata, Inna. Kakin na daskarewa yake sakin sa cikin ruwan famfon nan."

Ya tsoma rigar a tanki. Ladidi ta tara hannu a bakin famfon. Ruwan ya zo da ɗumi. Masu layi suka yi ta magana, ba ta matsa ba.