Jakar Malam Sulaimanu

"Duban da kake yi wa mutane, gaske ne ko wasa?" in ji alƙali.

Malam Sulaimanu ya waiga. Masu zuwa wurinsa bugun ƙasa a unguwar Morris Heights sun cika kotun. Lauya ta riga ta yi masa bayani: a New York akwai tsohuwar doka, karɓar kuɗin duba laifi ne, sai in don nishaɗi aka yi. In ya ce gaske ne, kurkuku. In ya ce wasa ne, sana'a ta mutu.

Kafin ya amsa, aka kira matarsa Zeinabou ta ba da shaida, ta taso da ƙatuwar jaka a kafaɗa.

"Ranka ya daɗe, bai taɓa faɗa ta faru ba. Ya ce namiji zan haifa, ga 'yan mata huɗu can zaune. Jiya ya duba ya ce ba ruwa, na shanya kaya a taga."

"Sai aka yi yaya?"

"Har yanzu ɗiga suke."

Kotu ta kwashe da dariya. Alƙali ya share ƙwalla. "Wannan nishaɗi ne. Na kori ƙarar."

A waje Malam ya gyara hula, ya dubi mutanensa. "Ai tun asuba ƙasa ta nuna min za a sake ni."

Zeinabou ta sauke jakar a gabansa.

"To, Malam, ɗauki bargo da butar da ka haɗa na zaman kurkuku. Kafaɗata ta gaji."