Rasit Ɗin Firji

Sau uku Malama tana buga lissafin a bayan takardar jarrabawar ɗalibanta, sau uku yana ƙin fita. Shekara goma sha takwas tana koyar da lissafi, yau kuma ƙawarta za ta raina mata hankali?

Maganar ta faro ne ranar da likita ya ce allurar ciwon sukarin maigidanta sai an riƙa ajiye ta cikin sanyi. Ƙaramin firji dubu ɗari da ashirin, ita kuwa dubu saba'in ce da ita, su ma da ƙyar. Sai ga Doguwa, aminiyarta tun suna 'yan mata, da albishir: wani shago na yin ragi ga wanda ya sayi kaya uku a rasit ɗaya. Ita Doguwa tana son fanka, Maman Biyu, ƙawarsu ta uku, tana son dutsen guga. A haɗa kawai.

Doguwa ce ta je. Da yamma aka sauke firji a ƙofar Malama, aka ce saba'in ɗinta ta isa cif.

Cif? A nan ran Malama ya fara ɗarsawa. Wane irin ragi ne zai faɗo daidai da abin da ke cikin jakarta, ba sisi sama ba sisi ƙasa?

Ta tambayi Doguwa kashi nawa aka rage. Ta ce talatin. Kwana biyu ta sake tambaya, ta ce arba'in. Rasit fa? Ya ɓata. Ta kira Maman Biyu, ita kuma ta hau kame-kame, wai girkinta zai ƙone.

To, an zo wurin. Idan har an yanke mata dubu hamsin ba gardama, Allah kaɗai ya san abin da shagon ya yanke, ya kuma san aljihun da sauran ya faɗa. Abin ya ci mata rai ƙwarai, don ba kuɗin ne ya dame ta ba, mayar da ita sakarya da aka yi ne.

Ranar Asabar ta faɗa ɗakin Doguwa ba sanarwa. Ta same ta tana fifita da murfin kwali, gumi sharkaf. Malama ta bi kusurwa huɗu da ido. Babu sabuwar fanka, sai tsohuwar nan mai karyayyen wuya.

"Ina fankar?"

"Ba su kawo ba tukuna."

"Doguwa, ki ji tsoron Allah. Da rashin lafiyar mijina za ki ci riba?"

Doguwa ta ajiye murfin kwalin. Idonta ya kawo ruwa. Malama ta ɗauki jakarta ta fice, ko sallama babu.

Kai tsaye shagon ta nufa. Ta ba mai karɓar kuɗi rana da lambar firjin, ta ce a fitar mata da kwafin rasit, yau za a yi ta ta ƙare.

"Ragin nawa kuka yi a kan kaya ukun?"

Ya ɗago kai daga na'urarsa. "Ragi? Baiwar Allah, mu ba ma ragi a nan. Kuma wane kaya uku?"

Ya miƙo mata takardar. Layi ɗaya ne tak a jikinta: firji, dubu ɗari da ashirin, an biya duka.